Inci Biyu a Gwiwar Hagu

Litinin, ƙarfe takwas na safe

Yau kwanana uku a gidan jikana, kuma Allah ya sani murna nake yi. Bai kamata in rubuta haka ba, yaro yana kwance da gwiwa a naɗe, amma littafin nan nawa ne. Shekara goma sha ɗaya rabon da mu kwana gida ɗaya. Tun yana ɗan sha biyu masu ƙwallon kwando suka ɗauke shi, daga makarantarsu sai kulob. Sai dai in gan shi a talabijin yana tsalle, ko ya leƙo shagona ya yi minti goma ya wuce. Yanzu ga shi a ɗakin da ke jikin nawa, har tarinsa ina ji.

Uwarsa, wato 'yata, ba ta samu hutu a wurin aiki ba. Da aka tambaye shi wa zai zauna da shi bayan aikin da aka yi masa a gwiwa, sai ya ce a kawo masa tsohon telan nan. Ni ke nan.

Falwaya nake kiransa, wato dogon turken wayar lantarki, don tun yana sha huɗu sai ya sunkuya yake shiga shagona. Shi kuma yana kirana Ɗan Makaranta, don sai da na haura hamsin da biyar na shiga ajin yamma na koyi karatu da rubutu. Shi ke duba mini aikin gida a lokacin, yana zabga mini sifili.

Gidan a hawa na uku yake. Kujerun duk sun fi ƙarfina, in na zauna ƙafata ba ta kai ƙasa. Firjin ba komai sai ƙanƙara da ƙwai.

Talata, bayan azahar

Mun je cibiyar kulob. Akwai ɗaki guda na masu rauni: gadaje dogaye, keken da ake tuƙawa ba ya zuwa ko'ina, robobi masu launi a rataye, da baho cike da ruwan ƙanƙara. Likitan kulob mutum ne mai sanƙo, maganarsa kaɗan. Ya nuna mini hoton gwiwar hagu, ya ce guringuntsi ne ya yage, sun datse inda ya lalace. Na ce kamar yadda ake rage bakin yadi in ya zare. Ya ce haka ne, sai dai wannan yadin ba a sayar da shi a kasuwa. In komai ya tafi daidai, sati shida ya koma fili.

Sai mai gashin ƙashi. Dole in rubuta sunan aikin a cike, in na tsaya a "mai gashi" sai a ce kanta nake nufi. Malama nake ce mata. Ba ta kai kafaɗar Falwaya ba, amma in ta ce ya ɗaga ƙafa, ɗagawa yake yi.

Ta ce, "Baba, ka iya rubutu?"

Na ce, "Har da satifiket."

Falwaya ya ce, "Na uku ya zo. Su uku ne a ajin."

Ta yi dariya, ta miƙo mini takarda mai layuka. Kullum safe da yamma in rubuta zafin da yake ji, daga sifili zuwa goma. In rubuta ko akwai kumburi, da yadda ya yi barci.

Ta ce, "'Yan wasan nan ko ƙafar ce ta cire, cewa za su yi lafiya lau. Ni awa biyu nake ganinsa a rana. Sauran lokacin kai ne idona. Da takardar nan zan san ko in ƙara masa aiki ko in rage."

Tunda na gama ajin yamma ba wanda ya taɓa neman rubutuna don wani abu mai muhimmanci. Na sayi sabon biro a hanya.

Laraba, ƙarfe bakwai na safe

Na shiga da takarda na ce, "Ya jiki?" Ya ce, "Da sauƙi."

Na fito na zauna ina tunani. "Da sauƙi" lamba nawa ce? Sifili ƙarya ne, tunda an yanka shi. Biyar kuma ta yi yawa ga wanda ya ce da sauƙi. Ga shi hannuna ba ya son rubuta babbar lamba a kan jikana, sai in ji kamar ina yi masa mugun baki. Na sa biyu.

Wurin kumburi na rubuta "kaɗan".

Alhamis, yamma

Biyu da safe, biyu da yamma. Ya cinye ƙwai shida ya ce ban iya suya ba.

Asabar, ƙarfe goma na safe

Wandunansa ba sa shiga ta kan bandeji, don haka zan ɗinka masa mai zif a gefe. Na zo da tef ɗina da almakashi, maƙwabciya ta ara mini keke. Na auna shi yana kwance. Daga ƙugu zuwa idon sawu inci arba'in da takwas, abin da ban taɓa gani ba a shekara hamsin na ɗinki. Gwiwar dama inci goma sha shida. Ta hagu goma sha shida da rabi.

Da can a bangon shago nake zana awon mutane da alli, kowa da alamarsa. Yanzu da na iya rubutu ba na iya auna abu in bar shi bai shiga littafi ba.

Ya ce, "Ɗan Makaranta, ka yi mini aljihu babba."

Na ce, "Me gurgu zai sa a aljihu?"

Ya jefe ni da matashi. Na daɗe ban yi dariya irin ta yau ba.

Talata, bayan la'asar

Ya ajiye sandunan dogarawa. Malama ta ce tunda zafin bai wuce biyu ba, ya hau keke. Ta ɗaga takardata ta nuna wa likita ta ce, "Dubi rubutun Baba, ya fi naka kyau." Na ji daɗi har kunnena.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

Mun kalli wasan kulob ɗinsu a talabijin. Wani sabon ɗan wasa aka sa a gurbinsa, kuma ƙwallo tana jin maganarsa. Duk jefawar da ya yi sai ta faɗa kwando. Mai sharhi sai yabonsa yake yi. Na ce, "Ai bai kai ka tsawo ba." Kafin a tashi ya kashe talabijin ya shiga ɗaki ya rufe.

Na ƙwanƙwasa na ce, "Ya jiki?"

"Da sauƙi."

Biyu.

Litinin, tsakar rana

Koci ya shigo ɗakin masu rauni yau. Ƙaton mutum ne, yana magana yana tauna cingam. Ya gaishe ni da hannu biyu, ya ce, "Baba, ashe daga wurinka ya gaji tsawo." Kowa ya yi dariya, har ni.

Sai ya juya wurin Malama. "Yaushe za ki ba ni shi?"

Ta ce, "In gwiwa ta yarda."

Ya ce, "Wasannin ƙarshe saura sati uku. Gwiwa ba ta halartar taron shugabanni, ni nake halarta."

Ta ce, "Ni kuma nake sa hannu."

Ya dafa kafaɗar Falwaya ya ce, "Ka san yarjejeniyarka da mu ƙarshen kakar nan za ta ƙare. Ina so su gan ka a fili kafin su zauna." Ya fita.

Likita ya sa ranar gwaji, Alhamis ta satin da ke bayan mai zuwa. Za a sa shi gudu, da juyi, da tsalle da ƙafa ɗaya. In ya ci, ya koma atisaye da 'yan uwansa. In bai ci ba, shi ke nan bana.



Laraba, ƙarfe shida da rabi na safe

An fara gudu jiya, a kan bel ɗin nan mai tafiya.

Yau na fito alwala na same shi a falo, ƙafa a kan kujera, ƙanƙara ta rufe gwiwar. Malama cewa ta yi minti ashirin. Ruwan da ya narke a ƙasa ya fi na minti ashirin.

Ya ce, "Tsoho, ba ka barci ne?"

Na ce, "Kai fa?"

Ya ce zafi ne ya dame shi. Zafin gari, in ji shi.

Alhamis, yamma

Wandon da na ɗinka ya matse shi a gwiwa. Na bar masa sarari da hannuna, ba na kuskure irin wannan. Na ce ya kawo in buɗa. Na sa tef. Goma sha bakwai da kwata.

A takardar Malama na rubuta "kaɗan". Ai kaɗan ɗin ne, in aka kwatanta da wani abu.

Juma'a, ƙarfe tara na safe

Na je zubar da shara. Akwai fankon ƙwayoyi a ƙasan leda, an naɗe su da takarda. Ba irin waɗanda likita ya ba shi ba ne, waɗancan ni nake ajiye su, na san launinsu.

Na zubar da sharar.

Asabar, bayan azahar

Uwarsa ta kira. Ta ce, "Baba, ya mai jiki?" Na ce da sauƙi. Ta ce, "Kai ma muryarka ta yi ƙarfi, zaman ya karɓe ka." Na ce sosai.

Lahadi

Ban rubuta komai ba sai biyu.

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Lif ya lalace. Hawa uku. A na farko yana tsokanata, wai in hau bayansa. A na biyu ya yi shiru. A tsakiyar na uku ya tsaya ya riƙe ƙarfen matakala, ya cusa bakin rigarsa a baki. Na tsaya a bayansa ina kallon bango. An yi wa bangon fenti ruwan toka, akwai inda ya ɓare kamar taswira.

Da muka shiga na ɗauko tef. Ya ce, "Wani wandon kuma?" Na ce ya miƙe ƙafa. Goma sha bakwai da uku bisa huɗu. Fatar da ɗumi, tana sheƙi.

Na ce, "Yau lamba za ka ba ni. Ba na son da sauƙi."

Ya daɗe yana kallona. "Me kake rubutawa duk kwanakin nan?"

"Biyu."

"To ka ci gaba."

"Ba biyu ba ne."

Ya ce, "Kaka." Rabon da ya kira ni haka tun ranar da aka binne kakarsa. "Kaka, saura kwana goma. Kowa a kulob ɗin nan da ciwo yake wasa. Wanda ya karɓi gurbina yatsunsa biyu a karye suke. In na ci gwajin nan na buga wasa uku, sai in huta wata uku, in kwanta ka yi ta soya mini ƙwai. In ban buga ba, ba wanda zai ɗauki mai gwiwa. Ban iya komai ba sai wannan. Ko ɗinki ban tsaya ka koya mini ba."

Na ce, "Malama ta amince da ni."

Ya ce, "Malama jikarka ce?"

Talata, safe

Biyu.

Talata, yamma

Kafin mu fita kullum sai ya yi awa guda da ƙanƙara, ya ɗaure gwiwar tamau, ya sha abin da yake sha. In mun isa ta saɓe. Malama ta auna da nata tef ɗin ta ce, "Ba laifi." In mun dawo da yamma sai ta cika kamar an hura.

Ni kaɗai nake ganin gwiwar yamma.

Laraba, bayan la'asar

Malama ta riƙe takardata ta daɗe tana dubawa.

Ta ce, "Baba, biyu, biyu, biyu, kamar ɗinkin keke. Ko rana ɗaya bai kai uku ba? Ranar da muka fara gudu ma?"

Na ce, "Yaron yana da ƙarfin jiki."

Ta ce, "Yana da shi. Amma in ya sauko daga tsalle yana karkata dama. Na tambaye shi ya ce tsoro ne kawai." Ta rage murya. "In akwai abin da ban sani ba, gara in ji shi a ɗakin nan da in gan shi a fili."

Falwaya yana can kan keke, ya juyo yana kallonmu.

Na ce, "Da sauƙi, Malama."

Ta ce to. Ta ƙara masa nauyi a ƙafa.

Juma'a, ƙarfe goma na safe

Akwai abin da nake ta kewayawa. Bari in rubuta shi sau ɗaya.

In ya ci gwaji zai koma tafiye-tafiye da kulob, ni kuma in koma ɗakina da ke bayan shago, in ci gaba da cin abinci ni kaɗai. In na faɗi gaskiya zai zauna a gida watanni. To in na buɗe baki, don gwiwarsa na buɗe ko don kaina? Na juya abin ta kowane gefe ban samu inda zan raba su ba. Shi ya sa nake yin shiru. Ko kuma na samu dalilin yin shiru ne mai kyan gani.

Na share falo sau biyu.

Asabar, yamma

Ya saya mini hula da takalmi ta waya, aka kawo har ƙofa. Takalmin ya yi mini daidai. Ban san ya san lambar ƙafata ba.

Goma sha bakwai da uku bisa huɗu. Ba ta ƙaru ba. Na gode wa Allah a kan wannan.

Litinin, yamma

Goma sha takwas.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Gobe gwaji.

Ɗazu yana kicin zai ɗauko kofi, ya juya, sai gwiwar ta ƙi miƙewa. Ta tsaya a lanƙwashe kamar zif ɗin da ya ci yadi. Ya riƙe bakin tebur. Ban san lokacin da na shiga ƙarƙashin hammatarsa ba. Nauyinsa ya kusa karya ni. Muka tsaya haka, yana numfashi ta hanci, gumi yana ɗiga a hulata. Ya yi ta girgiza ƙafar a hankali har wani abu ya yi ƙas a ciki, ta saki.

Ya ce, "Ka ga, ta wuce."

Na ce, "Sau nawa ta taɓa yin haka?"

Ya ce, "Ina kofin nan?"

Kofin yana ƙasa, ya fashe. Na kwashe.

Alhamis, ƙarfe shida na safe

Yana falo da ƙanƙararsa. Ni ina ɗaki. Na juya bayan takardar Malama, na buɗe littafin nan, na kwafe awon duka, kowanne da ranarsa. Na rubuta awa guda ta ƙanƙara. Na rubuta sunan ƙwayar yadda na gan shi a jikin fanko, harafi bayan harafi. Na rubuta abin da ya faru a matakala da na kicin. A ƙasa na sa: "Biyun nan duk nawa ne, ba nasa ba."

Ban san ko zan ba ta ta gaba ko ta baya ba.

Alhamis, bayan la'asar

Ta baya na miƙa.

Ta karanta a tsaye. Fuskarta ba ta canja ba, sai dai ta karanta sau biyu. Ta ninke ta sa a aljihu ta ce, "Na gode, Baba," kamar kullum. Ta shiga ofishin likita.

Koci ya riga ya zo, har da mutum biyu masu kwat. Falwaya yana ɗaure igiyar takalmi yana yi musu barkwanci.

Likita ya fito ya ce an ɗage gwajin. Koci ya ce, "Saboda me?" Malama ta ce, "Saboda ban gamsu da saukarsa ba. Ni na gani, ni na ce a dakata." Ta ɗora wa kanta. Koci ya ce sati huɗu tana cewa komai lafiya, yau da shugabanni suka zo ta tuna ba ta gamsu ba? Ya faɗi maganganu a kan aikinta da ba zan rubuta ba. Ta tsaya tana saurare, hannunta a aljihun da takardar take.

Aka kwantar da Falwaya, aka kwance ɗaurin, aka hana shi ƙanƙara, aka ce ya yi tafiya a baranda ya dawo. Awa biyu muna zaune. Gwiwar ta taso a gaban kowa. Likita ya sa allura ya zuƙo ruwa, sirinji biyu, na biyun da ja-ja.

Falwaya ya ce, "Yau ne kawai ta yi haka."

Likita yana cire safar hannu ya ce, "Yau ne kawai? Ta fi ta dama da inci biyu a sati uku da rabi, ka ce yau?"

Malama ta rufe ido.

Su a nan da santimita suke awo. Mutum ɗaya ne a duk ginin yake auna abu da inci.

Falwaya bai juyo ba. Ya ce wa silin, "Tela."

Juma'a

Bai ci abin da na dafa ba. Ya sa an kawo masa daga waje.

Asabar, tsakar rana

An ɗauki sabon hoto jiya da yamma. Ya hana ni shiga. Na zauna a benci a waje kusa da wata mata da ta kawo mijinta. Ta ce, "Ɗanka ne dogon nan?" Na ce jikana ne. Ta ce, "Kai, ka more." Na ce na more.

Litinin, ƙarfe sha ɗaya na safe

Likita ya kira mu duka, har uwarsa ta baro aiki ta zo. Ya ce wani ɓangare na guringuntsin da ke lulluɓe da kan ƙashi ya ɓalle, shi ke yawo a ciki yana maƙale gwiwar. Sai an sake aiki. Bana ta wuce. Wata tara kafin a yi maganar fili, kuma bai yi alkawarin komai ba.

Uwarsa ta ce, "Da an gano da wuri fa?"

Likita ya kalli takardun gabansa ya ce, "Da ba mu sa shi gudu ba."

Ya ce shi da Malama sun rubuta wa shugabanni cewa kulob ne zai kula da jinyar har ƙarshenta, ko an sabunta yarjejeniya ko ba a sabunta ba. Abin da ke hannunsu ke nan. Sauran ba nasu ba ne.

Falwaya ya ce, "Da kun bar ni na buga wasa ukun."

Likita ya ce, "Da ka buga rabin ɗaya. Sannan mu yi maganar yadda za ka hau matakala kana da shekara talatin."

Litinin, bayan azahar

Na tsare Malama a baranda. Na ce, "Ki faɗa mini tsakani da Allah. Ni na jawo?"

Na so ta ce a'a. Ba ta ce ba.

Ta ce, "Da kai, da shi, da ni. Na ga yana karkata, na zaɓi in yarda da takarda don takardar tana faɗin abin da kowa ke son ji. Kuma na ba ka lambobi ban tambaye ka yadda kuke magana a gida ba. Mahaifina ma ranar da zai rasu da sauƙi ya ce mini."

Na ce, "Za su kore ki?"

Ta ce, "An kira ni taro ranar Laraba. Baba, je ka ci abinci, tun safe nake ganinka."

Talata, yamma

'Yata ta ce in koma gida in huta, ta samu hutun sati biyu. Ta ce, "Ba korarka nake yi ba, Baba, amma ka ga yadda yake." Na ce na gani. Na haɗa kayana. Na mayar wa maƙwabciya kekenta. Na ce zan tsaya har a yi aikin, in ga fitowarsa, sannan in tafi.

Kwana biyar ke nan. In zai wuce ni a falo sai ya bi ta bayan kujera.

Alhamis, ƙarfe uku na rana

An yi aikin da safe. Awa biyu da rabi. Ya farka yana amai. Uwarsa ta riƙe masa roba, ni ina bakin ƙofa da jakata.

Juma'a, bayan la'asar

Jakata tana hannuna na shiga yi musu sallama, sai ga Malama ta shigo ɗakin asibitin. Ba kayan aiki a jikinta. Ban tambaye ta yadda taron ya ƙare ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Ta ce, "Tashi, malalaci, aiki ya fara."

Ya ce, "Jiya fa aka yanka ni."

Ta ce, "Shi ya sa na bar ka jiya."

Aikin ba wani abu ba ne. Ƙafa a miƙe, ya matse cinya, ya danna bayan gwiwa ƙasa. Mutumin da ke tashi sama ya kama bakin kwando, yau abin da ake nema a wurinsa ke nan. Ta ce tana bukatar wani ya sa tafin hannu a ƙarƙashin gwiwar ya faɗa mata in ya ji dannawa, ita za ta riƙe dunduniya ta kalli cinyar.

Uwarsa ta matso. Ya ce, "Ba ke ba, Umma. Ke cewa za ki yi kin ji."

Na ajiye jakar. Na zura hannuna ƙarƙashin bandejin. Da ɗumi.

Malama ta ce, "Ɗaya. Danna." Ya cije leɓe. Ta ce, "Baba, ka ji?"

Na ce, "A'a."

"Biyu. Ka ji?"

"A'a."

Uwarsa ta fita a na biyar. A na bakwai jijiyar wuyansa ta fito, hawaye ya gangara cikin kunnensa. Bakina ya so ya ce wani abu. Na ce a'a. Har goma, a'a.

Malama ta ce ya isa na yau, haka yake yi wa kowa a ranar farko, cinya ce ta manta aikinta. Ta sauke dunduniyar a hankali. Na fara zare hannuna.

Ya ce, "Bar shi a nan, tsoho." Silin yake kallo.

Na bar shi. Ya ja numfashi, ya riƙe ƙarfen gado da hannu biyu, gadon ya yi ƙara.

Ya ce, "Ka ji?"

Na ce, "Ban ji ba."

Ya ce, "To. Tsaya in sake."